Awa Biyu Da Kwana Biyar: Yadda Ake Kai Rahoton Cin Zarafin Tsofaffi

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan iyayenmu tsofaffi, musamman waɗanda ƙarfinsu ya ƙare har sai an ɗaga su an kwantar, an ba su abinci a baki, an yi musu wanka. Za mu ɗauko zancen daga Amurka, domin a can an rubuta doka da ke ƙidaya awoyi ga duk wanda ya ji cewa an ci zarafin tsoho a gidan da ake kula da shi. Dokar ba ta ce a kai rahoto idan an sami zarafi ba. Ta faɗi awa nawa, ta faɗi kwana nawa, ta kuma faɗi wanda za a kai wa.

A ƙauyukanmu tsohuwa takan ƙare kwanakinta a ɗakinta cikin gidan ɗanta, jikoki suna shiga suna fita. A Amurka tsofaffi da yawa da ba sa iya kula da kansu ana kai su gidaje na musamman, inda nas-nas da mataimakansu suke aiki dare da rana. Irin waɗannan gidaje sun kai kusan 15,000, mutanen da ke zaune a cikinsu kuma sun fi miliyan ɗaya. Mafi yawan kuɗin da ake biyan gidajen daga gwamnati yake fitowa, ta shirye-shirye biyu da ake kira Medicare da Medicaid. Saboda haka gwamnati tana da bakin magana: gidan da yake son kuɗinta dole ya bi sharuɗɗanta.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu ne. 'Ya'yanmu da yawa sun ƙetare teku, aikin da suka samu kuwa shi ne kula da tsofaffi a Amurka da Ingila. Ban da haka, ikkilisiyoyinmu suna riƙe da ɗakunan shan magani, da gidajen marayu, da gwauraye da makafi da suka dogara ga taimakon masu bi, ga kuma tsofaffin da rikici ya raba da garuruwansu suna zaune a hannun wasu. Duk inda marar ƙarfi yake hannun mai ƙarfi, wata rana za a kawo ƙara. Abin da za a yi a ranar da aka kawo ta, shi ne zancenmu.

Abin da dokar ta ce

Tushen dokar ya fara ne a 1987, lokacin da majalisar Amurka ta yi gyara ga yadda ake tafiyar da gidajen tsofaffi, ta rubuta cewa kowane mazaunin gidan yana da haƙƙin zama ba tare da an ci zarafinsa ko an yi sakaci da shi ba. A 2010 aka ƙara wata doka ta kare tsofaffi, a 2016 kuma hukumar da ke kula da Medicare da Medicaid ta sake rubuta ƙa'idodin gidajen gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. Idan aka yi zargin cin zarafi, ko wani abu ya faru wanda ya jawo mummunan rauni a jiki, dole a sanar nan take, kada ya wuce awa 2 daga lokacin da aka kawo zargin. Idan zargin bai shafi cin zarafi ba kuma babu mummunan rauni, misali an nemi wani abu na tsoho an rasa, to wa'adin awa 24 ne. Ana sanar da shugaban gidan, ana kuma sanar da hukumar jiha da ke duba gidajen. Shugaban gida ba shi da ikon ya karɓi maganar ya sa a aljihu.

A lura da kalmar zargi. Ba a jira a tabbatar kafin a sanar. Ko da tsohuwar da ta kawo kukan tana da gigin tsufa, ko da ma'aikacin da ake zargi ya shekara goma yana aiki ba a taɓa jin kansa da kowa ba, agogo ya fara tafiya tun daga lokacin da maganar ta fito daga baki. Haka kuma raunin da ba a san asalinsa ba. Idan aka wayi gari aka ga shatin duka a cinyar dattijon da ba ya iya magana, babu wanda ya ga yadda abin ya faru, wurin kuma ba inda mutum yakan buge da kansa ba ne, wannan ma abin kai rahoto ne.

Bayan sanarwar farko sai bincike. Gidan zai bincika sosai, ya kuma ajiye shaidar cewa ya bincika. Yayin da ake binciken, wajibi ne a kare tsohon daga ƙarin cuta, shi ya sa akan janye wanda ake zargi daga wurin aikin tukuna. Sa'an nan a cikin kwanakin aiki 5 daga faruwar abin, dole a miƙa sakamakon binciken ga shugaban gidan da hukumar jiha. Idan zargin ya tabbata, sai a ɗauki mataki. Kowace jiha tana da rajistar mataimakan nas, kuma wanda hukuma ta same shi da cin zarafi ana rubuta hakan a gaban sunansa, gidajen tsofaffi ba su da izinin ɗaukarsa aiki.

Dokar 2010 ta ƙara wani nauyi a kan mutum shi kaɗai. Duk mai gidan, ko manaja, ko ma'aikaci, ko ɗan kwangila da ya sami dalilin zaton an aikata laifi a kan mazaunin gidan, shi da kansa zai sanar da hukuma da kuma 'yan sanda, a cikin awa 2 idan akwai mummunan rauni, a cikin awa 24 idan babu. Ba zai ce ai na faɗa wa maigidana ba, ya wanke hannunsa. Tarar da aka rubuta a dokar a wancan lokaci ta kai dala 200,000, tana kuma iya kai dala 300,000 idan shirun ya sa cutar ta ƙaru. An kuma hana gidan ya kori ma'aikaci, ko ya rage masa matsayi, don ya kai rahoto.

Me ya sa ake gaggawa haka?

Dalili na farko a jikin tsohon yake. Jikin mai shekara 80 ba ya ɗaukar jira. Wanda aka ture ya faɗi yana iya karya ƙashin ƙugu ya kwana da shi ba a sani ba, musamman idan ba ya iya bayyana inda ke masa ciwo. Wanda kansa ya bugu yana iya tashi ya ci abinci kamar babu kome, alhali jini yana taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kansa, haɗarin kuma ya fi yawa ga masu shan maganin hana jini daskarewa. Idan fyaɗe ne, kuma kada mu yi zaton tsufa yana kare mace daga wannan mugunta, maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar HIV sai an fara shi a cikin awa 72 yake aiki. Kwana uku ke nan. Kwamitin da ya ce zai zauna a kan maganar mako mai zuwa ya riga ya hana ta maganin.

Na biyu, shaida tana gudu. Shatin duka yakan sake launi ya ɓace cikin mako biyu ko makamancin haka. Ana wanke zanen gado, ana yi wa tsohuwa wanka, ana share ɗaki, dukansu ayyukan kirki ne na kowace rana, amma suna tafiya da abin da likita zai duba. Ma'aikatan da suka yi aikin daren suna komawa gida, su yi magana da juna, kafin jibi bakinsu ya zama ɗaya. Ga kuma babbar matsala: kusan rabin mazaunan gidajen tsofaffi a Amurka suna da ciwon mantuwa. Dattijuwar da ta iya faɗin abin da aka yi mata da safe, wataƙila da yamma ba za ta tuna ba. Idan ba a rubuta maganarta a lokacin da ta faɗa ba, da kalmominta, to shaidarta ta tafi ke nan. Wani lokaci ma mai shaidar yakan rasu kafin a zo tambayarsa. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa wanda yake samun rabon shi ne mai laifi.

Na uku, wanda ake zargi yana nan. Wannan ne ya bambanta gidan tsofaffi da kasuwa ko hanya. Wanda ɓarawo ya tare a hanya yana komawa gida ya kulle ƙofa. Tsohon da ke kwance kuwa, hannun da ya mare shi jiya shi ne zai kawo masa kunu yau, shi ne zai juya shi a gado da dare. Kowace awa ta jinkiri awa ce da aka bar su su biyu a ɗaki ɗaya, aka kuma bar sauran tsofaffin gidan a hannun mutumin.

Kwanaki 5 na binciken suna da nasu amfani dabam, a ganinmu ma a nan ne hikimar dokar ta fi fitowa. Sanarwar farko tana da sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne a kai bincike ƙarshe. Dukanmu mun san kalmar nan, ana kan bincike. Ana faɗinta wata ɗaya, ana faɗinta shekara, har mai kuka ya gaji, dangi su haƙura, magana ta mutu ba wanda ya kashe ta. Wa'adin kwana 5 ya toshe wannan ƙofa, domin akwai wata hukuma a waje da ke jiran takarda, za ta kuma tambaya idan ba ta gani ba. Wa'adin yana kare ma'aikacin da aka yi wa ƙazafi ma. Janye mutum daga aiki ba hukunci ba ne, amma idan aka bar shi wata uku a gida ba a ce masa kome ba, gari ya riga ya yanke masa hukunci. Bincike mai sauri yana wanke marar laifi tun sunansa bai ɓaci ba.

Ana bin dokar kuwa?

Ba kullum ba. A watan Agusta 2017 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya fitar da gargaɗi. Sun duba takardun ɗakunan gaggawa na asibitoci na shekarun 2015 da 2016, suka sami mutum 134 a jihohi 33 da aka kawo daga gidajen tsofaffi da raunukan da ke nuna alamar cin zarafi ko sakaci. A kashi 28 cikin ɗari na waɗannan, ba su ga wata shaida cewa an sanar da 'yan sanda a lokacin ba. A 2019 ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisa ya ba da rahoto cewa laifuffukan cin zarafi da masu duba gidaje suka rubuta sun tashi daga 430 a 2013 zuwa 875 a 2017. A wannan shekara ta 2019 hukuma ta fara sa alamar tafin hannu cikin jan da'ira kusa da sunan gidan da aka samu da cin zarafi, a shafinta na intanet inda iyalai suke duba gidaje kafin su kai nasu.

Dalilan ɓoyewa ba baƙi ba ne a gare mu. Gida yana tsoron tara da ɓacin suna. Ƙaramar ma'aikaciya tana tsoron rasa abincinta, balle idan baƙuwa ce a ƙasar. Wani kuma yana ganin bai kamata ya tona asirin abokin aikinsa ba.

A Ingila, inda tsarin dokar ya bambanta, an ga inda jinkiri yake kaiwa. Wani gidan tsofaffi mai suna Orchid View a kudancin ƙasar an rufe shi a 2011. A 2013 jami'ar da ke binciken dalilin mutuwa ta duba rasuwar mazauna gidan 19, ta yanke cewa sakaci yana da hannu a mutuwar 5 daga cikinsu. Abin ya fito fili ne ta bakin wata ma'aikaciyar ofis, wadda aka taɓa umarta ta yayyaga takardun maganin wata dattijuwa da aka ba magani fiye da kima. Daga baya ta kai magana ga 'yan sanda. A wani wuri kuma, Winterbourne View kusa da birnin Biristol, asibiti ne na masu naƙasar ƙwaƙwalwa, wani babban nas ya kai kuka ga shugabanninsa da kuma hukumar da ke duba irin waɗannan wurare a ƙarshen 2010, ba a yi abin kirki ba. Sai da BBC ta nuna hotunan da aka ɗauka a ɓoye a watan Mayu 2011 aka tashi tsaye. An sami ma'aikata 11 da laifi, aka ɗaure 6. Watannin da ke tsakanin kukan nas ɗin da nuna hotunan, marasa lafiyan sun yi su ne a hannun masu dukansu. Ashe mai karɓar rahoto ma yana bukatar nasa agogo.

Kada mu ɗauka wannan ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin jama'a, ba a gidajen kula ba, sun fuskanci wani irin cin zarafi a cikin shekara guda. A gidajen kula kuwa, kusan ma'aikata 2 cikin 3 da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu na cin zarafi a cikin shekara. Ba muna cewa masu wannan aiki mugaye ba ne. Aikin yana da nauyi, sau da yawa hannu ba ya isa, gajiya kuma tana fitar da abin da ke cikin mutum. Surukar da ke jinyar uwar mijinta shekara huɗu ba hutu ta san abin da muke faɗa.

A ikkilisiyoyinmu fa?

A wurinmu cin zarafin tsoho yakan zo da wata fuska. Ana hana tsohuwa abinci don ta ɓata shimfiɗa. Ana kulle mai gigin tsufa a ɗaki. Ana karɓe gonar gwauruwa, ko a riƙe katin bankin dattijo ana cinye kuɗin fanshonsa. Mafi muni, ana kiran tsohuwa mayya don yaro ya yi rashin lafiya, alhali maganganun da take yi na ciwon mantuwa ne. A Nijeriya dokar hana cin zarafin mutane da aka sa wa hannu a 2015 ta haramta duka, da muzgunawa, da yasar da wanda ya dogara gare ka ba abinci, da mugayen al'adun da ake yi wa gwauraye, jihohi da yawa kuma sun yi tasu irinta.

Abin da yake cin mu shi ne al'adar a rufa asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau a wurinsa, amma a nan asirin wa ake rufawa? Wasu za su tuna mana da koyarwar Matiyu sura 18, cewa a fara samun ɗan'uwa a keɓe. Gaskiya ne, ga mutum biyu da kowannensu yake iya tashi ya je ya yi magana. Tsohuwar da ke kwance ba ta iya zuwa wurin kowa, kuma karya ƙashin mutum ko yi masa fyaɗe laifi ne da ya shafi hukuma, ba saɓanin 'yan'uwa kaɗai ba. A Ayyukan Manzanni sura 6 an kawo gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci na kowace rana. Manzannin ba su ce a yi shiru don kada sunan ikkilisiya ya ɓaci ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu aikin.

Ba mu da hukumar jiha da ke jiran takardarmu, amma ba abin da ya hana majalisar ikkilisiya ta ɗaura wa kanta wa'adi tun kafin wani abu ya faru. Shawararmu ita ce a zaɓi mutum biyu, namiji ɗaya daga cikin dattawa da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba, a sanar da sunayensu a lokacin sujada domin kowa ya san inda zai kai kuka. Ranar da magana ta zo, a ranar za su je su ga tsohon da idonsu, ko da lokacin girbi ne. Idan akwai rauni, asibiti ne farko, kafin kowane zama, a kuma roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta abin da ya gani. Idan duka ne mai tsanani ko fyaɗe, a sanar da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma a ranar, a kuma sanar da mai unguwa. A daren nan kada tsohon ya kwana a hannun wanda ake zargi, ko da za a kai shi gidan Fasto ne.

A sayi littafi guda na wannan aiki kaɗai, a ajiye shi inda ba kowa yake buɗewa ba. A rubuta rana da lokaci, da wanda ya kawo magana, da abin da tsohon ya faɗa kamar yadda ya faɗa, ba tare da an gyara masa ba. A tambayi masu shaida ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, a kuma ji ta bakin wanda ake zargi. Kafin Lahadi ta zagayo, mutum biyun su kawo wa majalisa abin da suka samu a rubuce, a kuma faɗa wa tsohon da danginsa abin da aka yanke. Idan wanda ake zargi ɗan'uwan ɗaya daga cikin mutum biyun ne, sai ya janye a sa wani a madadinsa. Idan kuwa Fasto ne ko wani daga cikin majalisa, maganar ba ta tsayawa a ƙauye, sai a kai ta ga shugabannin gunduma a ranar da aka ji ta.